Talatar da Kwalba Ta Ɓace Daga Firij

Cikin shekaru talatin da ɗoriya da na yi ina aikin ɗakin gwaje-gwaje, akwai wata Talata da ban taɓa mantawa da ita ba, kuma ina so ku da kuka shigo aikin nan a bayanmu ku ji yadda ta kasance. A Jos ne, a tsakiyar shekarun dubu biyu, lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun ma'aikata amma ba kowa ke da ita ba. Watan Maris ne, damina ba ta sauka ba. Kun dai san ranar garin nan: iska na kaɗawa da sanyi-sanyi, amma ka tsaya cikinta minti ashirin sai ka ji fatarka tana raɗaɗi.

A lokacin ni babban ma'aikacin gwaji ne a sashen nazarin magunguna na wata jami'a, ina mataki na tara. Ga wanda bai san tsarin ba, malamai ne ke tsara bincike. Mu ma'aikatan gwaji mu ke auna magani, mu riƙe makullai, mu rubuta komai a littafi. A ƙarƙashinmu kuma akwai masu kula da dabbobin gwaji da masu shara. Shugabar binciken da nake ciki ita ce Dakta Ladi, wadda ta dawo daga karatu a ƙasar waje da wani aiki da ba mu taɓa jin irinsa ba.

Aikin shi ne yaƙar ciwon daji da haske. Abokan aikinta na can suna ƙera wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ko madubin ɗakin gwajinmu mai ƙara girman abu ba ya nuna su, su ɗora musu wani magani mai kama da rini. A cikin duhu maganin ba ya komai. In aka yi wa ɓera mai ƙari allurarsa, ƙwayoyin sai su taru a cikin ƙarin fiye da sauran jiki. Bayan kwana ɗaya sai a sa ɓeran barci, a haska masa wata fitila ja daidai kan ƙarin, na mintuna ƙididdigaggu. Hasken ne ke tayar da maganin, shi kuma ya ƙone naman da yake ciki. Matsalar ita ce maganin bai san bambancin fitilarmu da rana ba, kuma bai san bambancin ƙari da lafiyayyar fata ba. Duk inda ya taɓa, in haske ya same shi, sai ya ƙone wurin. Shi ya sa kwalaben suke naɗe cikin takardar azurfa a firij mai makulli, ɓerayen kuma a ɗaki mai baƙaƙen labule. Izinin da kwamitin jami'a ya ba mu na ɓeraye ne kawai. Ba a taɓa sa irin wannan haɗin a jikin mutum ba.

Mai kula da ɓerayen wani dattijo ne, Baba Gyang, ɗan asalin tudun nan, mazaunin Gada Biyu. Ya riga ni shiga sashen da shekaru. Mutum ne mai tsabta, marar surutu. Bai yi boko mai zurfi ba, amma ya san kowane ɓera da lambar kejinsa, kuma shi ke riƙe su idan za mu haska fitila. Ya ga yadda ƙari kamar gyaɗa yake yin baƙi, ya bushe, ya faɗi. Wata rana muna wanke keji sai ya tambaye ni, "Oga Habu, wannan abu, in mutum ne fa, zai yi?" Ni kuma hankalina na kan aiki, na ce masa, "Ai don mutane ake yi, Baba. Wata rana in Allah ya yarda." Ban ƙara ko kalma ɗaya ba.

Ranar Litinin, jajibirin Talatar nan, da yamma mun yi wa ɓeraye allura, na ƙirga kwalabe bakwai, na rubuta, na sa hannu. Da aka kira La'asar na cire farar rigar aiki na rataye a bayan ƙofa, makullin firij na cikin aljihunta, na ce wa Baba ya lura da ɗakin. Na sha yin haka. Doka ta ce makulli ba ya rabuwa da jikin wanda aka damƙa wa, amma mutum in ya daɗe da abokin aiki sai doka ta fara yi masa kamar ta baƙi ce.

Talata wajen ƙarfe goma na buɗe firij don shirin haskawa. Kwalabe shida. Na sake ƙirgawa. Na fito da duk abin da ke cikin firij na jera a kan tebur, na leƙa ƙarƙashinsa, na zazzage kwandon shara. Shida dai. Na ce bari in tambayi Baba ko ta fashe ya share bai faɗa ba. Sai mai shara ta ce mini Baba bai zo ba, ya aiko maƙwabcinsa da safe cewa yana da uzuri a gida. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi zuwa ciyar da ɓerayen nan.

Nan take na tuna 'yarsa. Baba yana da 'ya mai suna Kaneng, zabiya ce, ta kai shekara ashirin da bakwai, tana sayar da kayan miya a bakin titi. Watanni biyu kafin nan ta kawo masa saƙo sashen, na gan ta da ɗankwali naɗe a wuya cikin zafi. Da ta sunkuya gaishe ni ɗankwalin ya zame, na hangi wani miki a gefen wuyanta, bakinsa ya taso ya yi tauri. Duk wanda ya yi aiki kusa da asibiti a garin nan ya san abin da rana ke yi wa fatar zabiya. Na gani, na kawar da kai, na ce a raina ba huruminmu ba ne.

Dakta Ladi tana aji. Ban taɓa katse malami a cikin lacca ba sai ranar. Na tsaya a bakin ƙofa na yi mata alama, ta fito ranta a ɓace.

"Malam Habu, lafiya?"

"Dakta, kwalba ɗaya babu. Baba Gyang bai zo aiki ba. Kuma 'yarsa zabiya ce, tana da miki a wuya."

Ta kalle ni. Sannan ta ɗaga kai ta dubi sama ta tagar baranda. Babu ko ɗigon girgije.

"Yaushe aka ɗauka?"

"Jiya da La'asar. Na bar makulli a aljihun riga."

"Wannan za mu yi maganarsa daga baya. In ya sa mata jiya, yau zai haska. Yana da fitila?"

"Fitilarmu tana nan."

"To rana zai sa ta," in ji ta. "Ɗauko ruwan gishiri, da auduga, da safar hannu. Ka same ni a mota."

Baba ba shi da waya. A takardunsa na ofis an rubuta Gada Biyu kawai, babu lamba, babu layi. Mun bar jami'a sha ɗaya ta wuce. A hanya wata babbar mota ta lalace ta tare rabin titi, motoci suka cushe, 'yan acaɓa suna kutsawa ta kowane gefe. Dakta tana buga sitiyari da tafin hannu tana duba agogo. Ni kuwa ina lissafin yadda muke yi a ɗakin gwaji: fitilarmu tana haska wuri kamar girman kwabo, na ɗan lokaci, ɓeran kuma yana barci. Rana kuwa za ta sauka a kan wuya da fuska da ƙirji gaba ɗaya, a kan fatar da ko babu magani ba ta jure ta. Ga kuma wuya ne, inda numfashi ke bi. In ya kumbura fa? Na kasa ƙarasa tunanin. Sai salati nake yi a hankali, ita ma na ji tana addu'a a nata harshen.

Da muka isa Gada Biyu muka ajiye mota a bakin titi muka shiga lungu da ƙafa. Na tambayi wani mai facin taya gidan Baba Gyang, ya ce Gyang ai sun fi goma a unguwar. Na tambayi wata mai dankali, ita ma haka. Sai Dakta ta ce mata, "Mama, gidan da zabiya take, mai sayar da kayan miya." Nan da nan matar ta nuna da hannu: bayan coci, ƙofa mai shuɗin fenti. Ba mu kai ƙofar ba muka fara jin kuka.

Ba mu yi sallama ba. A tsakar gida, inda babu inuwa ko kaɗan, Kaneng tana zaune a kan kujerar tsuguno, an karkatar da kanta gefe, wuyanta a buɗe. An rufe mikin da wata jar leda, an ɗaure da zare, wai don hasken ya zama ja kamar na fitilarmu. Baba yana tsaye a bayanta ya danne kafaɗunta da hannu biyu, agogonsa a ajiye kan turmi yana kallo. Mahaifiyarta tana durƙushe ta riƙe mata ƙafafu, ita ma tana kuka. Kaneng tana cewa, "Baba wuta, Baba wuta ce," muryarta har ta dushe.

Dakta ta daka tsawa, "Baba Gyang, sake ta!"

Ya ɗago ya gan mu. Bai gudu ba, bai kuma sake ta ba. Ya ce, "Saura minti biyar, Madam. Don Allah. Minti biyar kawai. Ashirin ne muke yi."

"Kashe ta za ka yi!"

"Yana aiki ne, Oga Habu, faɗa mata. Ka ga ya fara baƙi. Haka na ɓera yake yi." Idanunsa sun yi ja. "Kai ka ce don mutane ake yi."

Maganar ta doke ni, amma babu lokacin tsayawa. Na fizgo wani bargo da aka shanya a kan igiya na jefa a kan Kaneng, na rufe ta tun daga kai. Baba ya kama bargon zai janye, na riƙe wuyan hannunsa. Dattijo ne amma da ƙarfinsa, muka yi ta ja. Na ce, "Baba, ɓera muna sa shi barci kafin mu haska, shi ya sa ba ka taɓa jin kukansa ba. Kuma ba dukansu ke tashi ba. Ka sani. Kai ke kwashe waɗanda suka mutu." Dakta kuma ta juya ga uwar ta yi mata magana da yarensu, don ita ma 'yar tudun nan ce, kalmomi kaɗan masu kaifi. Ban san abin da ta ce ba, amma matar ta saki ƙafafun ta miƙe, ta shiga tsakanina da mijinta, ta ɗora hannu a ƙirjinsa. Sai ya saki bargon.

Muka ɗauki Kaneng muka shiga ɗaki. Na rufe taga, na toshe ɓular ƙofa da zane. Da ɗan hasken da ya rage Dakta ta kwance ledar. Mikin ya yi baƙi a tsakiya. Amma Baba ba allura ya yi mata ba, ɗiga maganin ya yi a kan mikin daren Litinin da kuma safiyar ranar, ya gangara. Duk inda ya bi, daga ƙasan kunne zuwa ƙashin ƙirji, fatar ta yi ja jawur, ta fara tashi da ƙuraje masu ruwa. Har yatsun Baba na dama sun kumbura, bai ma lura ba. Muka wanke da ruwan gishiri har kwalba biyu suka ƙare. Dakta tana sa kunne a wuyanta tana cewa, "Kaneng, yi numfashi in ji. Haɗiye yawu. Yana tsayawa?" Ta ce yana ɗan tsayawa. Dakta ta kalle ni, na gane sai asibiti.

Muka naɗe ta cikin bargon kamar kaya, na goya ta har bakin titi, mutanen unguwa suna biye da mu suna tambayar wa ya mutu. A mota ta kwanta a kujerar baya, kanta a cinyar uwarta. Baba ya zauna a gefe, kwalbar a tafin hannunsa, saura kaɗan a ciki. Ya miƙo mini ita ba tare da ya dube ni ba. Duk tsawon hanyar nan abin da nake saurare kawai shi ne numfashin da ke fitowa daga ƙarƙashin bargon.

A asibiti Dakta ba ta ɓoye komai ba. Ta gaya wa likitan da ke aiki sunan maganin, da yadda yake yi, da cewa daga ɗakin gwajinta ya fito. Aka yi wa Kaneng allurar rage kumburi, aka sa ta a wani ƙaramin ɗaki, ma'aikatan jinya suka rataya barguna a tagogi. Zuwa Magariba kumburin ya tsaya, bai toshe mata wuya ba. Ta yi kwana huɗu a duhu. Da ƙunar ta lafa aka yanki ɗan naman mikin aka kai gwaji, aka tabbatar ciwon daji ne na fata. Abin da ya ƙone saman ne kawai, ƙarin yana nan a ƙasa bai ji komai ba. Ashe tun bara wani likita ya ce a yi mata aiki, dangi suka tsoratar da su cewa in wuƙa ta taɓa irin wannan ciwo sai ya bazu. Wannan karon Dakta ta kawo likitan fiɗa ya zauna da iyalin ya yi musu bayani dalla-dalla, Kaneng da bakinta ta ce a yi. Aka cire ƙarin, aka ɗebo fata daga cinyarta aka rufe wurin.

Washegarin Talatar Dakta ta rubuta rahoto ta kai wa shugaban sashe. Wani abokin aiki ya ba ta shawara ta rubuta cewa kwalbar fashewa ta yi, tunda yarinyar ba ta mutu ba. Ta ƙi. Aka dakatar da binciken, aka kafa kwamitin mutum biyar. Ni aka ba ni takardar tuhuma, na amsa laifina na makulli, aka rubuta mini gargaɗi, ƙarin girman da nake jira a shekarar kuma ya wuce ni. Ban yi ƙorafi ba.

Ranar da aka kira Baba Gyang ina ɗakin a matsayin shaida. Ya zo da kwat ɗinsa ta zuwa coci, yatsunsa a naɗe da bandeji. Shugaban kwamiti ya tambaye shi ko ya san abin da ya yi sata ce. Ya ce ya sani. Aka ce to me ya sa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, shekara ashirin da biyu ina kwashe kashin ɓera. Da hannu na na riƙe ɓera, na ga ciwo ya faɗi daga jikinsa. In koma gida, yarinya na tana ruɓewa a gaba na. Ba wanda ya ce mini abin nan ba ya yi wa mutum. In kai ne, ranka ya daɗe, yaya za ka yi?" Sakataren kwamiti ya daina rubutu.

Dakta Ladi ta nemi izinin magana. Ta ce wata takwas ana wannan aiki, ta yi wa ɗalibai bayani, ta yi wa shugabannin jami'a bayani, amma ba ta taɓa zama minti goma da mutumin da ke riƙe ɓerayen ba. Ta roƙi kada a kore shi. Kwamiti ya rage masa mataki ɗaya, aka mayar da shi sashen kula da furanni da ciyawa, da sharaɗin kada ya sake taka ɗakin gwaji. A can ya ƙarasa shekaru ukun da suka rage masa ya yi ritaya.

Kafin ya bar sashenmu na ɗauki littafin ɓeraye na same shi a ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Na buɗe masa shafi bayan shafi. Na nuna masa waɗanda ƙarinsu ya faɗi ya sake tsirowa bayan makonni, da waɗanda hasken ya yi wa yawa, da waɗanda muka samu maganin ya taru a hantarsu ba mu san abin da zai yi can ba. Ya san lambobin duka. Ya daɗe yana kallon littafin, sannan ya ce, "Oga Habu, da ka nuna mini wannan tun farko." Na ce, "Gaskiya ne, Baba. Ka yafe mini." Ya ce shi ma in yafe masa ƙarin girmana. Muka yi hannu da hagu, don damarsa ba ta warke ba.

An ɗage dakatarwar bayan wata bakwai, muka ci gaba da ɓerayenmu. Kaneng ta bar bakin titi ta koyi ɗinki, ta buɗe shago a cikin gida. Ciwon ya sake fito mata a kunne bayan wasu shekaru, amma ta zo da wuri da ƙafarta, aka cire. Tabon ƙunar nan yana wuyanta har yau, ya fi na aikin fiɗar girma.

Abin da na ɗauka daga wannan lamari ba zancen makulli ba ne kawai, ko da yake tun ranar makulli bai sake barin jikina ba. A aikinmu mun saba da kalmar gwaji har mun manta cewa mutanen da ke shara da wanke keji a gefenmu suna da marasa lafiya a gida, kuma abin da suke gani da idonsu ba gwaji ba ne a wurinsu, magani ne aka kulle a firij. Don haka duk wanda aka turo sashena, ko ɗalibi ne ko mai goge tebur, kafin ya taɓa komai sai na zaunar da shi na gaya masa abin da muke yi, da abin da muka sani, da abin da ba mu sani ba tukuna. Daga nan sai in tambaye shi ko akwai mai ciwo a gidansu. Za ku yi mamakin yawan waɗanda suke sunkuyar da kai su ce akwai. Waɗannan ba na sallamarsu sai na rubuta musu sunan asibitin da za su je da ranar da likita ke zama.